Lamba Sha Bakwai

Littafin maki yana hannun Jazuli,
bangonsa kwali, ya sha maiƙon tsire.
Mu tara ne a bencin Ƙofar Guga,
kowa da 'yan wasansa sha ɗaya a takarda.
Ba mu da fili, ba mu da riga,
sai biro da gardama.
Wanda ka zaɓa in ya ci, maki biyar naka;
in ya miƙa aka ci, uku;
in ya wuni a benci, kai ma ka wuni da azumi.
Na ƙarshe a kaka shi ke sayen balangu.
Bara ni na saya.

Bana ga sabon yaro a gefen dama,
Lurwanu, ɗan Batagarawa, lamba sha bakwai.
Bai taɓa taka gasar jiha ba.
Jazuli ya yi mashi kuɗi
kamar tumatirin da ya kai magariba.

Mas'udu ya ce, gudu kawai gare shi,
ɗan akuya ne aka kwance wa igiya;
a ba shi ƙwallo, sai ta zabura daga ƙafarsa
kamar ta taka garwashi.
Hashimu ya ƙirga da yatsu:
wasan gwaji uku, ci babu,
satar gida sau shida,
ga Ɗanliti a gabansa, shekara bakwai yana riƙe da gefen,
koci kuwa ba ya son sabo,
ko hularsa bai sake ba tun zaɓen da ya wuce.

Duk na ji, ban musa ba.
Sabon tulu sai ya sha rabonsa
kafin ya sanyaya wa wani ruwa.

Sai dai ni gyaran takalma ne sana'ata.
Ran Talata bayan la'asar ya zo rumfata
da takalmin ƙwallo a baƙar leda,
arba'in da huɗu, ƙafarsa ko arba'in da ɗaya.
Na zura hannu, na zaro takardun jarrabawa
a cukuikuye, an danna su can baki.
Na yayansa ne, in ji shi, da ya tafi haƙar zinariya.
Wata uku ke nan yana gudu a haka,
ana cewa ba ya jin ƙwallo.
Ina zai ji ta?
Takarda ke gaisawa da ita.

Na kifa su na duba ƙasa.
Ƙusoshin sun cinye ta gefe guda,
irin cin mai yankowa ciki ba sallama.
Na farke, na rage, na ɗinke.
Ya miƙo ɗari biyar, na ɗauki uku.

To amma ɗinki ba ya sa koci ya waiwayo.
Damina na tafe, fili zai koma kunu.
Cikin wasa huɗu na farko uku a waje ne,
Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma,
inda 'yan baya ke yi wa baƙo maraba da gwiwar hannu.
Abin da na riƙe ɗaya ne:
sahunmu guda da Ɗanliti a masallaci,
kuma ina jin gwiwarsa in ya tashi daga sujada.
Allah Ya ba shi lafiya.
Na faɗa har zuciya, ko kusa da ita.

Daren Juma'a Jazuli ya ɗaga biro:
Baba Nafi'u, wa ka sa a dama?
Na ce, rubuta sha bakwai.
Benci ya girgiza da dariya.
Mas'udu ya ce in fara tarin kuɗin nama,
bana yana son da yaji da albasa.

Ban tanka ba.
Na murza ɗan yatsana inda basilla ta soke ni.
Gobe ƙarfe huɗu ina bakin fili;
su su kalli raga,
ni zan kalli ɗinkina.