Daga Baya

Rumfata na nan gab da Ƙofar Ƙaura,
Soket talatin, ƙaramin inji, da tulin waya.

Ɗari ne caji, ta miliyan ce ko ta dubu tara,
Wuta ba ta tambayar asali, kowa ta ba shi ɗaya.

Bayan La'asar Mannir kan zo da tasa mai tuffa,
Tuffar da aka gatsa, riƙe kamar ƙwan zinariya.

Sada kan biyo shi da Andiroyid mai tsagaggen gilashi,
Su zauna a benci guda, kowa ya ba ɗan'uwa baya.

Tare suka yi firamare a Rafindadi,
Yau tambarin bayan waya ya raba musu hanya.

Ran Talata Mannir ya iso yana taƙama:
"Sabuwar manhaja ta sauko mana, duk duniya.

Ku fa? Sai kamfani ya tuna da ku, in ya tuna,
Taku tana nan jiya-i-yau kamar ruwan rijiya."

Sada ya ce, "Abin da kuke wa guɗa yau,
Shekara uku muna da shi, har mun gaji, ba ƙarya.

An zuba muku ɗumame a sabon akushi,
Kuna ta santi. Ku dai ba ku da kunya."

Laraba da hantsi ga Mannir, sallama ciki-ciki,
Wayar da zafi kamar an tsamo ta a tukunya.

Batirin da ke kai shi Isha'i ya mutu kafin Azahar,
Na karɓi ɗarinsa sau biyu, na danne dariya.

Sada bai danne ba. Har mai shayi ya leƙo,
Yana tambayar mu ko dai lafiya.

Sati bai cika ba, banki ya juya wa Sada,
Manhajar ta ƙi buɗewa, wai ta tsufa, sai ya sauya.

Kuɗin masara na ciki, mai masara na tsaye,
Da wayar Mannir aka tura, ya tura yana zolaya.

Sai suka juyo kaina: "Kai Rabe, raba mu,
Kai da ke wuni cikinsu, faɗi gaskiya."

Na ce alƙalin da ke cin tuwo gida biyu,
In ya yanke hukunci, gobe wa zai ba shi miya?

Ban ce musu komai a kan tawa ba. Tana aljihu,
Wata takwas tana roƙona kowace safiya:

"Akwai sabuntawa. Babu wuri. Goge wani abu."
Ni kuwa in kai yatsa in danna "Daga baya."

Na goge hotunan biki, na goge wasan ƙwallo,
Har wa'azi, Allah ya yafe, ban bar ko ɗaya.

Saura saƙo ɗari biyu da bakwai daga Batagarawa,
Na Inna ne. Ba ta rubutu, sai dai murya.

"Rabe, ka ci abinci? Rabe, an yi ruwa nan.
Rabe, maganin ya ƙare, in za ka taho ka saya."

A wani ma ta manta ba ta kashe ba,
Minti huɗu na kukan kaji da ƙarar tsintsiya.

Na ƙarshen ya zo saura kwana uku azumi,
Ba ta ga wata ba. Daga nan sai ni da zuciya.

Sada ne ya ji ina saurare wani dare,
Mannir ya ce a ɗora su gajimare, can ne ma'ajiya.

Sada ya ce memori, ka riƙe abinka a hannu,
Gajimaren haya ne, ranar da ba ka biya ba ka sha wuya.

Suka sake kaurewa, wannan karon a kan Inna,
Har da rantsuwa, har da jijiyar wuya.

Na san sun fi ni sani. Amma a nan ta kira ni,
Ta wannan fasasshiyar lasifika nake gane muryar jiya.

Na kashe inji, na miƙa wa kowa tasa a cike.
Tawa ta haska, ta tambaya. Na ce, daga baya.