Bugu Biyu a Kan Katifa

Tsohon siton auduga ne, a bayan Rumde Ajiya,
kwanon rufinsa na huci tun hantsi.
Katifu shuɗɗa a shimfiɗe, an yi wa wasu faci da robar taya.
Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa,
na ƙirga jaka biyar ta wata, na rubuta:
Tanimu, mai gyaran firji, shekara arba'in da ɗaya.
Tumbina ya riga ni shiga.

Kakana mahauci ne, ɗan dambe.
An ce ya yi kisa bakwai a fili guda kafin a kira la'asar.
Faɗin kafaɗa na gada a wurinsa, sai labarin.
Watan jiya, a gindin gadar Binuwai,
yara biyu bisa babur suka fizge min jakar aiki,
na tsaya, hannuwana a rataye kamar shanya.
Ban faɗa wa kowa ba.
Abin da ya kawo ni ke nan.

Malamin, Jonwe, mutumin Yagwa,
kunnensa na hagu ya dunƙule kamar daddawa.
Na ce: naushi na zo koya, da shuri, da kayarwa.
Ya dubi gwiwoyina ya daɗe.
Ya ce: yau faɗuwa za ka koya.

Go'o, ɗiɗi, tati,
da Fulatanci yake ƙirga,
mu sha biyu muna zubewa kamar buhunan gyaɗa.
Haɓa a ƙirji. Tafi a ƙasa. Tashi. Sake.
Sau talatin ƙasar Garwa ta gaishe ni ta baya,
ƙuguna yana kiran sunan mahaifiyata.

Sai ya ce kowa ya nemi abokin kokawa.
Na waiga, ga Yerima.
Yaron shagona.
Wanda nake ranƙwashi in ya zubar da kusoshi,
wanda ke ce min ciwon kai duk Talata da Alhamis.
Ashe nan ne asibitin.
Ya sunkuyar da kai, ya ce: maigida, sannu da zuwa.

Siriri ne kamar karan dawa.
Na kama shi yadda ake kama akuya,
ban san ta inda ya bi ba,
na dai ji ƙafafunsa sun zame min ɗamara,
damtsensa ya kwanta a maƙogwarona
a hankali, da ladabi,
kamar yadda yake miƙo min shayi.

Kwanon rufi ya fara nisa.
Muryar Jonwe ta zo kamar daga cikin rijiya:
buga! Buga sau biyu, zai sake ka!
Kakana ya ce daga kabari: kul.
Ubana ya ce: namiji barkono ne.
Wuyana ya ce: ku biyun ba ku nan.

Na buga.
Ɗaya, biyu.

Kafin tafina ya bar katifa yaron ya saki,
ya riƙe min ƙeya kada ta bugu,
ya ce: yi numfashi ta hanci, maigida.

Na kwanta ina kallon yanar gizo a jikin katako,
iska na shiga ƙirjina kamar baƙon da aka yi kewa,
ina lissafin shekara ukun da ya yi a hannuna.
Sau nawa ya buga a shagon nan
da shiru, da sunkuyar da kai, da ƙin cin abincin rana,
ni kuwa na ƙara matsewa?

Da muka fito magariba ta kawo jiki,
mai kifi na hura gawayi a bakin titi.
Ya miƙa hannu zai ɗauki jakata kamar kullum.
Na ce bar ta.
Na ce Alhamis mu rufe shago ƙarfe huɗu,
kuma abin nan da ka yi da ƙafa,
ta hagu ake farawa ko ta dama?