Sifok Talatin da Shida

A Duitama, inda sanyi ke gangarowa daga duwatsu
ya shiga ƙashi ba sallama,
ƙafar kekena ta baya ta lanƙwashe ran Talata
da tulun madara biyu a kanta.
Rami ne ya ci ta.
Madara na bin kwalta, karnuka na biki,
ni ina tsaye riƙe da murfi.

Na zazzage gwangwanin kofi a kan gado:
peso dubu ɗari da goma, har da tsaba.
Sabuwar ƙafa ta ninka wannan sau uku.

Don Abelardo bai ɗago kai ba da na shiga.
Giris ya riga ya zama fatar hannunsa.
Na nuna wani jan rim da ke rataye a sama,
siriri, ba nauyi, sai ka ce zoben amarya.
Ya ce, “Marleny, wancan na yaran tsere ne,
masu auna abincinsu a sikeli.
Ke madara kike ɗauka.”
Ya jawo wani daga bayan ƙofa,
baƙi, mai kauri, mummuna kamar bashi.
Huda talatin da shida.
“Ƙirga da kanki,” in ji shi. Na ƙirga.

Cibiyar kuwa tsohuwa ce,
daga keken wani ɗan aike da ya koma babur.
Ya ɗora min ita a tafin hannu, ya ce in murza.
Na murza, na kasa kunne:
ba tsakuwa, ba tari, ba gurnani.
“Sabon boris, ɗan giris kaɗan,
za ta binne ni, ta binne ki.”
Bai yi dariya ba. Ni na yi.

A kan sifok muka yi rigima.
Akwai na araha, dami guda kuɗin burodi biyar.
Ya karɓe daga hannuna ya mayar cikin kwali.
“Yi rowa a ko’ina, ban da nan.
Araha ba ta ado,
a gangaren Paipa kuma ba ta ceto.”
Na ɗauki waɗanda tsatsa ba ta ci,
da ’yan notika na tagulla,
don na sanholo da ruwa ba sa ga maciji.

Da aka yi lissafi
kuɗina ya tsaya a talatin da biyar.
Ya ce in kai ɗayan bashi.
Na ce a’a. Kunya ce ko taurin kai, oho.

Dare uku keke na kwance rigingine a kicin.
Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, tsallake uku.
Na ɓata, na kwance, na sake.
Ɗana Yeison na riƙe da fitila yana gyangyaɗi.
Rubu’in juyi nan, rubu’in juyi can,
ka ja dama, hagu ta yi fushi,
ka lallashi hagu, dama ta kumbura.
Haka mahaifiyata ta riƙe mu, mu bakwai.

Huda ɗaya ta rage tana kallona.

A rumbun dankali akwai ƙafar keken babana,
shekara goma sha ɗaya a ƙusa guda.
Na zare mata sifok ɗaya, na goge da toka.
Ya ɗara sauran tsawo da ƙwayar shinkafa.
Na sa zarto.

Yanzu in na kaɗa su da farce da asuba,
talatin da biyar murya ɗaya suke amsawa,
siririya, kamar ’yan mata a coci.
Shi kaɗai ke amsawa ƙasa-ƙasa,
a makare, da ɗan kaushi,
yadda mai shi yake yi in an tashe shi tatsa.

Don Abelardo ya juya ta jiya a gaban ido,
ya ce akwai ’yar rawa, kaurin farce.
Na ce a bar mata.
Madara ta kai kasuwa, ko ɗigo bai zuba ba.