Jadawalin Aikin Dare

Sunanki na nan jikin allo, Barira,
an dai ja masa jan layi.
Kafin ke an ja wa Lantana, an ja wa Rifkatu.
Jan biron ma ya kusa ƙarewa.

Gado talatin da biyu a ɗakin mata,
ni kuwa hannu biyu gare ni.
Ɗaya saura aka kawo wata daga Mai'aduwa
a bayan a-kori-kura, tana zubar da jini.
Aka ɗauke wuta.
Na cije fitilar waya da haƙora,
ina laluben jijiyar da ke kan samu ido rufe.

Tsohuwar nan ta Sandamu mai ciwon suga
ta ƙi a wanke mata ƙafa,
wai a jira mai sanyin hannu.
Na ce kin tafi kwas.
Ta ce, "Shi wannan kwas bai ƙarewa?"

Shekaranjiya na bi ta gidanku.
Sabon kwano a kan ɗakin Inna,
autanku ya koma makaranta.
Da wane baki zan zarge ki?
Tare muka lissafa albashin nan
a bayan katin asibiti, bai kai ashirin ga wata ba.

Na ga hoton, kina tura wani tsohon Bature a keke.
Shi ma uban wasu ne.

Abin da ban faɗa maki ba:
a jakata, ƙarƙashin safar hannu,
akwai littafin jarrabawar Turanci.
Nakan buɗe in ɗaki ya yi tsit.
Jiya ko layi uku ban yi ba,
gado na tara ya kira ni.