Buhun Da Babu

Ni na rubuta, don haka ni zan faɗa.
Littafin rasit a hannuna yake, a rumfar Alhaji Nomau,
bakin kasuwar albasa ta Aliero,
biro ɗaya a kunne, ɗaya a aljihu.

Ran nan ya ce, Ladan, rubuta dubu huɗu.
Na ce, dubu huɗun me?
Ya ce, buhu mana.
Na waiga sito, ƙofa a wangale,
ba komai sai ɓawon bara
da kyanwa tana barci kan ma'auni.
Ko aro bai yi ba,
ko jingar gona ɗaya bai riƙe ba.
Na rubuta.

Ya sayar wa mutumin Anacha ta waya,
ya karya dubu bakwai kan kowane buhu.
Ya sayar wa na Ibadan,
ya juya ya sayar wa wata mata a Fatakwal
buhunan nan dai, waɗanda ko zarensu ba a saya ba.
Sarkin dillalai ya buga hatimi.
Bai leƙa sito ba, ambulan ya leƙa.

Kafin la'asar magana ta riga babur isa fadama:
albasa ta yi yawa, Alhaji ma zubarwa yake.
Albasa kuwa ba gero ba ce,
ba ta zama a rumbu ta jira mai ita ya yi shawara.

Arzika ya zo daga Sabiyal da buhu talatin.
Wata biyar yana jan injin ban-ruwa,
fetur bashi, taki bashi,
awakin Tumba matarsa biyu sun shige cikin iri.
Ya kwance rudu da asuba,
ya tsaya a rana yana jin farashi na gangarowa
kamar guga da igiyarta ta tsinke.
Da aka faɗa masa kuɗin, bai yi gardama ba.
Ya cire hula, ya duba cikinta,
ya mayar.

Wa ya saya? Yaran Alhaji,
uku, kowanne da rigar wani gari.
Ranar ce sito ya fara warin albasa.

Na Anacha ya samu rabin kayansa.
Na Ibadan aka ba shi haƙuri da wata takarda,
ya sayar da takardar, wanda ya saya ya jinginar.
Matar Fatakwal ta aiko tirela biyu,
suka kwana tara bakin titin Jega,
direba na dafa shayi ƙarƙashin mota,
'yan dako na zaune kan gammonsu.

Daga nan takarda ta mutu a kasuwa.
Ko wanka da ƙaninka, sai ka ƙirga buhu da ƙafa.
Masu motoci suka koma wani wuri,
albasa ta ruɓe tuli-tuli har ƙuda ya ƙoshi.

An kafa kwamiti.
Sun zauna kwana biyu, sun ci balangu,
suka rubuta cewa zafi ne ya yi yawa bana.
Ni na kai musu ruwan sanyi.

Ran Juma'a liman ya ja hadisi:
kada ka sayar da abin da ba ya wurinka.
Alhaji na sahun gaba yana gyaɗa kai.
Lasifikar da muryar ke fita, shi ya saya.

Arzika bai yi yayyafin iri ba bana.
An ce yana Yawuri cikin ramin zinariya.
Injinsa na nan gidan mai fetur, an ɗaure shi da sarƙa.

Ni dubu hamsin aka ba ni.
Na sa ƙyauren ƙarfe a ɗakina,
shi ya sa kowace safiya sai na taɓa su.
Kwafin rasit na ƙasan katifa,
shuɗin kabon bai dushe ba,
sifili uku, hannuna ne, na san yadda nake rufe su.

Jiya uwargida tana yanka ta miya,
ta ɗago tana share ido da gefen zane,
ta ce, kai da ke can bakin ƙofa,
me ya same ka?
Na ce, ta bana yaji gare ta.