Baƙuwa a Kejin Inna Kubura

A Mai Wurno, bayan ɗakin Inna Kubura,
inda iskar Nilu ke shigowa da ƙanshin laka,
akwai keji na waya da karan dawa,
salwa goma sha ɗaya a ciki.
Ni ke watsa musu gero kafin in wuce gona.

Biyu na sani da suna.
Manne, mai ɗigon fari a wuya:
ka raba ta da 'yan'uwa taku uku
sai ta cika unguwa da kuka,
tana dukan waya da ƙirji har ka mayar da ita.
Sai Ko-oho, 'yar lungu,
mai wankan ƙasa ita kaɗai,
ko kejin aka kwashe ba ta ɗaga kai.

Ran Laraba Babikir ya dawo daga kasuwar Sinnar
da wata a kwali, gashinta a hargitse.
Na ce, Manne ce za ta tarbe ta,
mai son jama'a ai ba ta ƙin baƙo.
Inna ta kurɓi shayi, ta ce, zauna dai.

Manne ce ta fara zuwa, gaskiya ne.
Ta zagaya ta sau biyu, ta miƙe wuya,
ta sare ta a ƙeya.
Ta sake.
Sauran suka bi sahu kamar an buga musu ganga.
Baƙuwa ta ruga lungu,
Ko-oho ta dube ta da ido ɗaya,
ta matsa kaɗan,
ta ci gaba da tonon ƙasarta.

Inna ta ce, wanda ya fi son nasa
shi ke tsaye a bakin ƙofa.
Ran da kakana ya iso nan da ƙafa,
Makka a zuciya, kaushi a diddige,
masu dangi sun leƙo, sun ƙirga buhunansu.
Wani mai fito, ba mata, ba ɗa,
shi ya tura masa tulu bai tambayi garinsu ba.

Yau kwana tara.
Da asuba na haska tocila:
baƙuwa na tsakiyar tari,
kan Manne a ƙarƙashin fiffikenta.

Babikir ya ce zai ƙaro wata ran kasuwa.
Na dubi mai tabo a ƙeya tana barci,
ban ce komai ba.
Ina zargin bakin da zai fara.