Baƙo a Sahu na Uku

Na sauka Sakkwato ran Talata da hantsi,
rana ta riga ni, ta tsaya kamar mai bin bashi.
Mai kabu-kabu ya ce, "Ina munka nuhwa?"
Na ce, "Tsohon masallaci, wanda ke cikin littafi."
Ya ce, "Wane ciki? Garin ga
ko rijiya ta girmi kakanka."

Muka ratsa ta wajen dukawa,
warin jima, jar fata shanye a kan katanga,
har ya tsaya, ya nuna da haɓa.

Na zo da hotona a ka:
ginin ƙasa mai kauri, zanko a sama,
baƙar azara, duhu mai sanyin randa.
Na tarar da siminti da koren fenti,
fanka goma sha biyu, bakwai ke juyawa,
lasifika an ɗaure ta da waya.
Raina ya ce, kuɗin mota sun tafi a banza.

Na tuɓe takalmi, daɓe ya gasa mini sawu.
Duk da haka na ɗaga waya:
hoton ƙofa, hoton mumbari,
hoton mage tana barci a gindin butoci.
Na huɗu bai samu ba.
Waya ta yi zafi, ta ɗauke.

Wani tsoho, Malam Jabbi, ya jingine tsintsiya.
"Mi kaka biɗa, ɗana?"
Na ce, "Tarihi."
Ya leƙa bayan ƙofa, ya ɗaga tabarma,
sai ka ce allura na ce ta faɗi.
"Ginin da kaka biɗa ruwa sun canye shi
tun ban isa ɗaukar buta ba.
Anka tada wani, shi ma ya gaji, anka tada wanga.
Bango ai riga na, riga ko tana tsuhwa."

Ya ja ni lungun arewa, ya naɗe gefen darduma.
Dutse guda, baƙi, mai sulɓi,
tsakiyarsa ta lotsa kamar tafin mai addu'a.
"Nan ladan ka tsayi kahin a san lasihika.
Ba guduma ta ci shi ba, ƙahwa ta."
Na laluba aljihu. Waya shiru.
Ya ce, "Aza hannu. Hannu ba shi biɗar caji."

Ina durƙushe aka kira azahar.
Mai faci ya shigo da baƙin mai a gwiwa,
malamin makaranta da alli a hannun riga,
mai albasa, ƙanshin hajarsa na gaba yana biye.
Na ja da baya in yi kallo,
aikin da ya kawo ni ke nan.
Wani ya kamo gefen rigata, ko dubana bai yi ba:
"Cika sahu."
Kafaɗa ta sami kafaɗa.
Ba wanda ya tambayi garinmu.

A sujada ta biyu na tuna:
ƙarƙashin darduma siminti,
ƙarƙashin siminti ƙasa,
ita kuwa ba a taɓa sake ta ba.
Goshi nawa ta karɓa kafin nawa?
Ba ta ƙirga ba. Ni ma na bari.

Da na fito ban ga takalmina ba.
Can na hango su a inuwar darbejiya,
an jera su, an juya bakinsu wajen hanya.
Na duba fuskoki, kowa na neman nasa.

A gida Nusaiba ta karɓe wayar:
ƙofa, mumbari, mage.
"Baba, wannan ka yi kwana biyu a mota ka gani?"
Na buɗe tafin hannuna in nuna mata,
sai na ga hannu ne kawai.
Na ce, "Magen dai kyakkyawa ce."
Ta ce, "Ita kam, e."